Mabuɗan Laburare: Yadda Ɗalibi Zai Kai Ga Maƙalun Mujallun Kimiyya Ta Intanet

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a jami'a, ko ya shiga karatun digiri na biyu ko na uku, akwai babin da ba makawa sai ya rubuta shi a kundinsa, wato babin bitar ayyukan da suka gabata. A wannan babi ne ake son ya nuna cewa ya san abin da magabata suka gano a kan batun da ya ɗauka, ya san inda suka tsaya, ya kuma san giɓin da shi zai cike. Sai dai idan malami ya zauna duba irin waɗannan kundaye, sau da yawa yakan tarar an jera sunayen masana ashirin ko talatin, alhali abin da ɗalibin ya karanta bai wuce tsakuren da ke saman kowace maƙala ba. In aka tambaye shi dalili, amsar takan zama ɗaya: ya je shafin mujallar, an ce sai ya biya dala 30 ko 40 kafin ya ga maƙala guda, shi kuwa ba shi da su.

Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba. Da yawa daga cikin maƙalun da ake nema akwai halastacciyar hanyar samun su ba tare da ɗalibi ya ciro ko sisi daga aljihunsa ba. Ko dai laburaren jami'arsa ya riga ya samar da izinin karanta su, ko kuma marubucin ya ajiye kwafi a inda kowa zai iya ɗauka. Abin da ɗalibin ya rasa shi ne sanin ƙofofin, da sanin wacce ake fara ƙwanƙwasawa. Manufar wannan darasi ita ce bayyana waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, tare da 'yan manhajojin da ke sauƙaƙa buɗe su.

Me Ya Sa Sai Maƙalar Mujalla?

Littafin karatu yakan kawo ilimin da ya daɗe da zama a hannun masana. Sabon sakamakon bincike kuwa a mujalla yake fara fitowa, bayan edita ya tura shi ga wasu masana na fannin sun tantance hanyar da aka bi da hujjojin da aka kawo. Wannan al'ada ta buga bincike a mujalla ta faro tun 1665, shekarar da aka fara irin waɗannan mujallu a Faransa da Ingila.

Bari mu ɗauki misali daga gonakinmu. A ce ɗalibin nazarin tsirrai yana bincike a kan ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, masana kuma suke kira Striga. Kowane manomin dawa da gero ya san cewa wannan ciyawa ta fi ɓarna a gajiyayyar ƙasa. Tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubatar ƙananan iri, waɗanda kan iya kwantawa cikin ƙasa fiye da shekara 10, ba za su tsiro ba sai sun ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. A 1966 ne aka buga a mujallar Science cewa an tace irin wannan sinadari daga saiwar auduga, aka sa masa suna strigol. Tambayar da ta rage ita ce: me zai sa shuka ta riƙa fitar da abin da ke kira mata abokin gaba? A 2005 mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna cewa dangin wannan sinadari ne ke janyo wasu ƙwayoyin fangi na cikin ƙasa, waɗanda ke taimaka wa saiwa zuƙo sinadarin fosfaras. Wasu bincike sun tabbatar da cewa idan fosfaras ya yi ƙaranci, shuka takan ƙara yawan sinadarin da take fitarwa domin neman taimakon fangin, ƙuduji kuwa sai ya ji kiran ya farka. A 2008 wasu maƙalu biyu a Nature suka ƙara nuna cewa sinadarin yana cikin masu daidaita yadda shuka ke yin rassa. A 2017 kuma mujallar PNAS ta buga bayanin wata ƙwayar gado a jikin dawa, wadda sauyinta ke canza nau'in sinadarin da saiwa ke fitarwa, har irin ƙuduji ya kasa tsirowa sosai.

Ɗalibin da ya tsaya a kan tsohon littafi zai iya faɗin abin da manomi ya riga ya sani, amma ba zai iya bayyana dalilinsa ba. Wanda ya tsaya a kan tsakure kuma ba zai san wane irin dawa aka gwada ba, ko a gona aka yi gwajin ko a ɗakin gwaje-gwaje, ko sau nawa aka maimaita shi. Waɗannan duk suna cikin sashen bayanin hanyoyin bincike da jadawalin sakamako, kuma a kansu ne ake gina sabon aiki. Gani ya kori ji.

Asalin Shingen Kuɗi

Masanin da ya rubuta maƙala ba a biyan sa kuɗin rubutun, haka ma yawancin masu tantancewa. Kamfanonin ɗab'i ne ke sayar wa laburare izinin karanta mujallun, shekara-shekara. Wani nazari da aka buga a 2015 ya nuna cewa fiye da rabin maƙalun da suka fito a 2013, cikin waɗanda aka ƙidaya, kamfanoni biyar ne kacal suka buga su, cikinsu har da Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis. A jami'o'in Nijeriya, faɗuwar darajar naira bayan shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 ta sa sayen mujallun ƙasashen waje ya gagari laburarori da dama, jerin mujallu da yawa suka yanke a kan kanta.

Da mujallu suka koma intanet, sai tsarin ya canza kama. Yanzu laburare ba ya karɓar mujallar takarda. Izini yake saye ko yake samu, shafin kamfanin kuma shi ne ke tantance wanda zai shiga. Shafin ba ya ganin fuskar mutum, ba ya kuma ganin katin shaidarsa na ɗalibi. Abu biyu yake dubawa: lambar adireshin layin intanet ɗin da mutum ya shigo ta kansa, ko kuma shaidar shiga da jami'a ta ba shi. Saboda haka ɗalibin da ya shigo da datar wayarsa daga gida, baƙo ne a wurin wannan shafi, ko da jami'arsa tana da cikakken izini. Nan ne mafi yawan ɗalibai ke juyawa.

Mataki Na Farko: Riƙe Lambar Maƙala

Kafin a nemi mutum a gari, sai an san sunansa da unguwarsu. Kusan kowace maƙala ta zamani tana da lambarta ta dindindin da ake kira DOI, wadda ƙungiyar Crossref ta fara rarraba wa mujallu a shekarar 2000. Lambar tana farawa da 10, sai ɗigo, sai lambar kamfanin ɗab'i, sai karan tsaye mai kwanciya, sai lambar maƙalar kanta. An kuma koma baya an bai wa tsofaffin maƙalu da yawa nasu lambobin. Alal misali, maƙalar da Watson da Crick suka bayyana surar DNA a cikinta, wadda Nature ta buga ran 25 ga Afrilu, 1953, lambarta ita ce 10.1038/171737a0. Duk wanda ya rubuta doi.org/ a gurbin adireshi ya bi shi da wannan lamba, kai tsaye zai isa shafin maƙalar.

Amfanin DOI biyu ne. Na ɗaya, kusan duk manhajojin da za mu ambata da ita suke gane maƙala. Na biyu, ita ce ma'aunin gaskiya a wannan zamani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya ƙaga sunan maƙala da marubuci da shekara, alhali babu su a duniya. Idan aka gwada lamba ba ta kai ko'ina ba, ko ta kai ga wata maƙala dabam, to kada wannan suna ya shiga jerin manazarta har sai an tabbatar da shi ta wata hanya.

Mataki Na Biyu: Shiga Ta Ƙofar Laburare

Da ɗan gari akan ci gari. Abu na farko shi ne ɗalibi ya taka zuwa sashen intanet na laburaren jami'arsa, ya yi wa jami'in da ke wurin tambaya uku: waɗanne rumbunan mujallu muke da izininsu a bana, ta yaya ake shiga daga wajen makaranta, kuma wace manhaja laburaren ke aiki da ita?

Amsar tambaya ta farko, ga mai nazarin halittu, yawanci za ta haɗa da tsarin Research4Life. Wannan haɗin gwiwa ne tsakanin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin ɗab'i da wasu jami'o'in Amurka, domin cibiyoyin ƙasashe masu tasowa su samu mujallu kyauta ko da rangwame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe sashen Hinari na kiwon lafiya a 2002. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta biyo da AGORA a 2003, sai OARE na muhalli a 2006, da ARDI na ƙere-ƙere a 2009, da GOALI na shari'a a 2018. Cibiya ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, kuma abin da kowace ƙasa za ta gani ya danganta da rukunin da take ciki da kuma abin da kowane kamfani ya yarda ya saki. Mai binciken ƙuduji zai fara da AGORA, mai binciken zazzaɓin cizon sauro kuma ya fara da Hinari. Sharaɗin shi ne a fara shiga ta shafin tsarin, daga can a bi zuwa mujallar. Wanda ya je shafin mujallar kai tsaye, shingen kuɗi zai tarar.

Amsar tambaya ta biyu ita ce abin da za mu kira kwamfutar wakilci. Laburare yakan tanadi wata kwamfuta da ɗalibi zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa daga ko'ina, ita kuma ta je shafin mujallar a madadinsa, shafin ya gan ta a matsayin 'yar gida. Manhajar EZproxy, wadda ta fito a 1999, ita ce ta fi shahara a wannan aiki. Akwai kuma tsarin da shafin mujallar kan mayar da mutum ga jami'arsa domin ta shaide shi, kamar OpenAthens da Shibboleth.

Tambaya ta uku ita ce ta kai mu ga ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome da Firefox da Edge. Za mu kira su 'yan rakiya, domin aikinsu ke nan: suna bin mai karatu duk shafin da ya shiga, da zarar sun ga DOI sai su duba ko laburarensa yana da izinin wannan maƙala, in akwai su fito masa da maɓallin da zai kai shi gare ta. Daga cikinsu akwai LibKey Nomad da Lean Library da EndNote Click. Yadda ake sa su kusan iri ɗaya ne: a shiga rumbun manhajoji na burauzar, a nemi sunan, a sauke, sannan a zaɓi sunan jami'a daga jeri. A lura cewa na farko da na biyu ba sa cika aikinsu sai laburaren ya yi rajista da kamfanoninsu, shi ya sa tambayar jami'in laburare ta gabaci saukewa. Haka kuma a kwamfuta aka fi amfani da su. Chrome na wayar Android ba ya ɗaukar 'yan rakiya.

Har ila yau, a cikin saitunan Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, akwai gurbin da ake rubuta sunan jami'a. Idan laburaren ya haɗa kansa da tsarin, duk sakamakon da yake da izininsa zai fito da alama a gefen dama.

Mataki Na Uku: Neman Kwafin Kyauta Na Halal

Idan ƙofar laburare ba ta buɗe ba, ba a nan maganar ta ƙare ba. Tun bayan sanarwar Budafes ta 2002, wadda ta yi kira da a buɗe sakamakon bincike ga kowa, mujallu da yawa sun koma kyauta ga mai karatu. Wasu suna sakin maƙala bayan wani wa'adi. PNAS da muka ambata takan saki nata bayan wata 6. Wasu kuma suna barin marubuci ya ajiye kwafinsa a rumbun jami'arsa. Matsalar ita ce waɗannan kwafe-kwafe a warwatse suke.

'Yar rakiyar da ake kira Unpaywall, wadda ta fito a 2017, ita ke tattaro su. Kyauta ce, kuma ba ta buƙatar rajistar laburare. Idan mai karatu ya isa shafin maƙala, wani ɗan hoton kwaɗo yakan bayyana a gefen dama na allo. In kore ne kuma a buɗe, to akwai kwafin halal a wani wuri, da an taɓa shi zai buɗe. In toka-toka ne a rufe, ba ta samu ba. Wani nazari da masu wannan manhaja da abokan aikinsu suka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 28 cikin ɗari na dukkan maƙalun ilimi suna nan kyauta, kuma kashi 47 cikin ɗari na waɗanda masu amfani da manhajar suka nema an same su a buɗe. Wato kusan ɗaya cikin kowane biyu.

Ban da wannan, akwai rumbuna huɗu da ya kamata ɗalibin kimiyyar halittu ya haddace. PubMed yana ɗauke da bayanan maƙalu fiye da miliyan 35 na kiwon lafiya da halittu, amma galibi tsakure ne. Cikakkun maƙalun suna a ɗan'uwansa PubMed Central, wanda aka buɗe a 2000. DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, jeri ne na mujallun kyauta da aka tace. AJOL kuwa, wanda ya faro a 1998, ya tara ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa, har da mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero ta Kano. Wannan rumbu yana da muhimmanci ƙwarai, domin gwajin da aka yi a kan dawa ko wake a Samaru ko a Kano ya fi kusa da gonar da ɗalibi zai yi aiki a kai.

A nan akwai abin lura. Kwafin kyauta iri uku ne. Akwai bugun mujalla na ƙarshe, mai lambobin shafi. Akwai kwafin marubuci wanda aka tantance aka karɓa, amma ba a tsara shi da fasalin mujalla ba. Abin da ke ciki daidai ne, sai dai lambobin shafi sun bambanta. Akwai kuma daftarin farko da ake ajiyewa a wurare irin su bioRxiv, wanda aka kafa a 2013, tun kafin masana su tantance. Wannan na uku yana iya canzawa, ko ma a ƙi karɓar sa. Duk wanda zai kafa hujja da shi, wajibi ne ya faɗi cewa daftari ne.

Mataki Na Huɗu: Tambaya

Matambayi ba ya ɓata. A kan kowace maƙala akwai adireshin imel na marubucin da ke amsa wasiƙu. Gajeriyar wasiƙa mai ladabi, wadda ta faɗi sunan ɗalibi da jami'arsa da batun bincikensa da maƙalar da yake so, sau da yawa takan wadatar. Masana suna son a karanta aikinsu. Kafin zuwan intanet ma da katin gidan waya ake neman kwafi daga marubuci, a jira makonni. Haka nan jami'in laburare yana iya nemo maƙalar daga wani laburaren da suke hulɗa da shi.

Abin Da Manhaja Ba Za Ta Yi Maka Ba

'Yar rakiya tana kai mutum ga maƙala, amma ba ta ce masa maƙalar tana da inganci. Wannan hukunci yana wuyan mai karatu. Akwai mujallun bogi da ke karɓar kuɗi daga marubuci su buga komai ba tare da tantancewa ba. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya maƙalar ƙarya a kan wani maganin daji, cike da kurakuran da duk masani zai gani, ya tura wa mujallun kyauta 304, sai 157 suka karɓa. Saboda haka kafin a dogara da mujallar da ba a sani ba, a duba ko tana cikin DOAJ ko Scopus, a duba su wane ne editocinta, a kuma yi hattara da wadda ke alkawarin buga aiki cikin 'yan kwanaki.

Na biyu, akwai maƙalun da aka janye bayan an buga su. Mujallar The Lancet ta buga wata maƙala a 1998 da ta danganta wata allurar rigakafin yara da lalurar galahanga, ta kuma janye ta a 2010 bayan an gano munanan kurakurai da rashin gaskiya a cikin aikin. Amma kwafin da mutane suka sauke tun da can yana nan yana yawo ba tare da tambarin janyewa ba. Manhajar Zotero, wadda kyauta ce, tana ajiye wa ɗalibi maƙalunsa, tana tsara masa manazarta, kuma tun 2019 takan sa jan gargaɗi a kan duk maƙalar da ta gane an janye.

Na uku, akwai amanar kalmar sirri. Izinin da laburare ya samu yana da sharuɗɗa. Idan kamfani ya ga ana sauke ɗaruruwan maƙalu a lokaci ɗaya da sunan mutum guda, ko ya ga kalmar sirrin cibiya tana yawo a waje, yakan rufe ƙofar ga jami'ar baki ɗaya, ɗaya ya ɓata wa dubu. Shafin Sci-Hub, wanda aka buɗe a 2011, yana rarraba maƙalu ba da izinin masu haƙƙi ba, kuma a 2017 wata kotu a Amurka ta yanke masa tarar dala miliyan 15. Kada ɗalibi ya miƙa shaidar shigarsa ga kowane shafi ko mutum da ya yi masa alkawarin maƙalu. Haka kuma, tun da 'yan rakiya suna ganin shafukan da mutum ke buɗewa, kada a sauke su sai daga rumbun burauza na ainihi, kuma a taƙaita ga waɗanda ake buƙata.

Kammalawa

A taƙaice, jerin matakan shi ne: a riƙe DOI, a gwada ƙofar laburare, a nemi kwafin kyauta na halal, in duk sun faskara a rubuta wa marubuci. Bayan an samu maƙalar kuma a karanta ta daga farko har ƙarshe, musamman hanyoyin bincike da jadawalin sakamako, sannan a tabbatar da ingancin mujallar.

Ga aikin gwaji ga mai karatu. Ka ɗauki maƙalu 10 daga jerin manazartan babinka na biyu, ka ja layi huɗu a takarda, kowane layi da sunan mataki ɗaya. Ka bi kowace maƙala ta waɗannan matakai bi da bi, kana rubuta inda aka same ta. Waɗanda suka rage bayan mako biyu, ka kai sunayensu da lambobinsu ga jami'in laburare da kuma malamin da ke duba aikinka. Wannan takarda tana da amfani ga laburaren ma, domin da irin waɗannan buƙatu da kuma ƙididdigar masu shiga rumbunan ne yake kafa hujja a gaban hukumar jami'a idan lokacin sabunta izini ya zo. Rumbun da ba a shiga, shi ake fara yankewa ranar da kuɗi ya yi ƙaranci.